Za a iya gane ko jama'a za su bi doka tun kafin ta fara aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Agege. Duk sanda gwamnatin Legas ta fito da sabuwar doka sai gardama ta kaure a tsakaninmu. Wasu su ce kwana biyu ne za a manta, wasu su ce wannan karon da gaske ake. Mu kuma jarinmu ne a ciki. Shin akwai hanyar gane ko mutane za su sauya hali saboda doka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Akwai, kuma sharaɗinta na farko shi ne kada ka dogara da abin da mutane suka faɗa da baki. Zagaya kasuwar Mile 12 ka tambaya ko ana so a daina toshe kwata da shara. Kowa zai ce yana so, kuma ba ƙarya yake yi ba. Sai dai niyya daban, aikatawa daban. A 2011 masaniyar halayyar ɗan Adam Susan Michie da abokan aikinta a Landan suka tsara abin a taƙaice: hali ba ya sauyawa sai mutum ya iya sabon abin, ya samu damar yin sa, sannan yana so. Gwamnatoci sun fi zuba kuɗi a kan na ukun, wato sanarwa a rediyo da alluna a bakin titi, alhali galibi a wajen damar ake samun cikas.

Duba batun okada, wato 'yan acaɓa. A 2012 gwamnatin Gwamna Fashola ta hana su bin hanyoyi 475. A Fabrairun 2020 Gwamna Sanwo-Olu ya sake kafa takunkumi, a Yunin 2022 aka hana su gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba aka ƙara ƙananan hukumomi huɗu. Dokar da sai an yi ta maimaita ta haka, ka san akwai abin da ke tura mutane su karya ta. Yaron da ya karɓi babur a hannun maigida yana da balas ɗin da zai kai kowane dare, ga gida can Arewa ana jiran aike. Fasinjan da ya maƙale a cunkoson Apapa shi ma babur yake nema. Asarar ɗan acaɓa ta yau ce, a aljihunsa take, kuma tabbas ce. Ribar dokar kuwa, raguwar haɗari da ƙwace, ta kowa da kowa ce, sai a hankali ake ganin ta. Tun 1979 masana halayyar ɗan Adam Kahneman da Tversky suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba ko da girmansu ɗaya. Saboda haka wanda ya lura zai iya cewa tun farko ba daina sana'ar za a yi ba, matsawa za a yi zuwa lunguna da wuraren da haramcin bai kai ba, irin su Alimosho da Ojo da nan Agege ɗinku.

Farar robar tekawe da aka haramta a Janairun 2024 lissafinta daban ne. Mai abinci ba ta rasa sana'arta ba, mazubi kawai ta canza ta ɗora kuɗin a kan faranti. Kuma ba sai an bi kowace mai tuwo ba, masu ƙerawa da manyan dillalai ƙalilan ne, in an tare can an gama. Irin wannan dokar ta fi saurin kama ƙasa.

Akwai kuma tambayar da aka fi mantawa da ita: in an janye jami'ai, halin zai zauna? Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 dole ce ta sa mutane tiransfa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris, tsofaffin kuɗi suka dawo, amma har yau za ka ga mai shayi ya rubuta lambar asusunsa a jikin kwali ya jingina da gwangwanin madara. Ya ɗanɗana ya ji babu rigimar canji, babu kwana da kuɗi a aljihu. Sharar ƙarshen wata kuwa, wadda ake hana zirga-zirga da safiyar Asabar, da aka soke ta a 2016 yawancin mutane ajiye tsintsiyar suka yi, don tun asali tsoron kame ne ya riƙe ta. Ni a ganina wannan ne ma'auni mafi ƙarfi: dole tana iya fara hali, amma sai mutum ya ga amfaninsa a kansa yake riƙewa.

Game da hukunci, masu nazarin laifuka sun daɗe da gano cewa tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin tara tasiri. Tarar da ake sasantawa a gefen titi, a wajen ɗan kasuwa, ta zama wani haraji kawai, sai ya saka ta cikin farashi.

To in sabuwar doka ta fito, ku zauna ku tambayi kanku wa zai yi asara, nawa, kuma me zai koma yi gobe da safe. Ku duba ko madadin yana kasuwa a farashin da talaka zai iya. Ku saurari Iyaloja, wato shugabar matan kasuwa, da Sarkin Hausawa da shugabannin sassa, domin mutum ya fi kallon maƙwabcin rumfarsa a kan takardar gwamnati. Makon farko ba ya nuna komai, lokacin ne ake kame da ɗaukar hoto. Ku jira wata na biyu ko na uku, kafin nan kada ku tara kayan da ake magana a kansu, ku riƙa saye kaɗan-kaɗan. In kuka ga babban dillali ya daina kawowa yana karyar da farashin abin da ya rage masa, ku ma ku sallami naku.