Batirin Jirginmu Ba Ya Kai Asuba, Alhali Muna da Sola

Tambaya: Malam, ina aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a gaɓar Bahar Maliya. Muna da faifan sola biyu, kowanne wat 100, da batir biyu na ruwa, kowanne amp-awa 100 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka). Da rana mita tana nuna volt 13.8, amma kafin asuba firji ya mutu, mita ta sauko 11.9. Batiran ko shekara ba su yi ba. In ƙara faifai ne, ko in sayi sabon batir?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da zuwa kasuwa tukuna. In ka ɗora sabon batir a kan wannan tsarin, abin da ya ci na farko shi zai ci na biyu. Ni a ganina batiranka sun daɗe rabonsu da su ƙoshi.

Wannan 13.8 da kake gani da rana ita ke ruɗarka. Ƙarfin da sola ke turawa ne kake karantawa, ba abin da ke cikin batir ba. In kana son gaskiyarsa, cire shi daga caji, kashe duk abin da ke jan wuta, bar shi ya huta na wasu sa'o'i, sannan ka auna. Cikakken batir yana nuna 12.6 zuwa 12.7. In ka ga 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa an ci shi fiye da kima, kuma irin wannan batir ba ya son a riƙa sauke shi ƙasa da rabi. Ke nan a cikin 200 ɗinka, 100 ne kawai naka.

Zo mu yi lissafi. Wat 100 da aka rubuta a bayan faifai an auna shi ne a zafin digiri 25, rana na dukansa kai tsaye. A jirgi faifan a kwance yake, ya ɗau zafi, jirgin na tangaɗi. In faifanka biyu sun ba ka amp-awa 45 zuwa 50 a yini, sun yi ƙoƙari. Firji kaɗai a zafin yankinku zai iya shanye kusan hakan, balle a haɗa da fitilu da rediyo da na'urar nuna hanya. Kullum ana ɗiba fiye da yadda ake zubawa.

Sai babbar matsalar da mai sola a rufin gida bai cika sani ba, wato inuwa. Faifai irin naka yawanci ƙananan gidaje 36 ne jere a layi ɗaya, kamar bututun ruwa, in ka matse wuri guda, ruwan duka ya ragu. Inuwar sandar tsakiya, ko ta zanen da ke kama iska, kai har ta igiya mai kauri, tana iya zubar da kaso mai yawa na wutar. Ka tsaya da hantsi da azahar da la'asar ka ga inda inuwa ke faɗawa. Shi ya sa ake ɗora faifai a kan ƙarfe can bayan jirgi. Ka haɗa su jan waya da ja, baƙa da baƙa, don wanda inuwa ta rufe kada ya danne ɗan'uwansa. In da hali, kowanne ya samu kwanturolarsa, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faifai da batir, irin wadda ake kira MPPT. Ka riƙa wanke gishiri da kashin tsuntsu da ruwan daɗi kowace safiya.

Batirin da ke kwana da yunwa, wani farin daskararren abu kamar gishiri yake taruwa a farantan dalmarsa, ya taurare, ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Maganinsa cikakken caji: ya hau kusan 14.4, ya zauna a nan har wutar da yake karɓa ta sauko amp 2 zuwa 4, aƙalla sau ɗaya a mako. Dabarar da nake ba mutane ita ce a tayar da injin jirgi da sassafe na kamar awa ɗaya, lokacin da batir ke karɓar wuta da yawa, a bar sola ta ƙarasa sauran a hankali. In kwanturolarka tana da wayar auna zafi, manna ta a jikin batir, domin a zafi ana rage ƙarfin caji.

Duba ruwansa duk wata, a zafi ma duk mako biyu. A kula, abu biyu ake kira ruwan batir a kasuwa: asid da tataccen ruwa. Tataccen za ka ƙara, ya rufe farantan, asid kuwa a'a, ruwan teku ko kusa. Kankare tsatsar kawunan batir, ɗaure su tam, shafa basilin. Akwatin ya samu iska, domin batir na fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji, kuma a sa fiyus kusa da kan batir mai jan waya.

Bayan ka yi masa cikakken caji sau biyu ko uku, in ya huta ya nuna 12.6 kuma ya kai ka asuba, batiranka suna da sauran rai, kuɗin sai ya tafi ga faifai na uku. In ya ƙi wuce 12.3, ko ya zube cikin awa biyu, ka canja su biyun tare, bayan ka gyara zancen inuwa.