Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗan takara ya ce zai ɗaure masu zagi, yana da wannan ikon?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Dan Allah 'yan takarar majalisar wakilai biyu ne suka zo unguwarmu kamfen, na farko ya ce in ya ci duk wanda ya zagi manya a Facebook sai ya sa an ɗaure shi kuma ba mai ƙara fita zanga-zanga sai da izinin 'yan sanda, jama'a har da tafi da kabbara. Na biyun kuma ya ce ilimi kyauta haƙƙinmu ne a kundin tsarin mulki, zai maka gwamnati a kotu a kai. Ni duk sun ruɗa ni, wa ke da gaskiya?
Mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duk cikinsu ba wanda ya faɗa maka zancen a cike, amma wallahi na farkon ya fi ba ni tsoro, musamman da ka ce har tafi aka yi masa.

Shi fa ɗan majalisa ba ya da ofishin 'yan sanda, ba ya da gidan yari, aikinsa yin doka da sa ido kan yadda ake kashe kuɗin jama'a, kuma shi ɗaya ne a cikin 360. 'Yancin faɗin albarkacin baki yana sashe na 39 na kundin 1999, na taruwa yana sashe na 40, duk a cikin Babi na 4 suke. In ana so a taɓa wannan babin sai kashi huɗu cikin biyar na kowace majalisa a Abuja sun yarda, wato mutum 288 a majalisar wakilai kaɗai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su ma su amince. To honarabul naku da ko kuri'a ba a jefa masa ba tukuna a ina zai samo wannan?

Maganar izinin 'yan sanda kuwa kotu ta gama da ita tuntuni, kuma abin ma a Kano ya samo asali. A watan Satumba na 2003 jam'iyyar ANPP ta yi gangami, Janar Buhari na wurin, 'yan sanda suka watsa taron da barkonon tsohuwa wai ba a samu izini ba. ANPP da wasu jam'iyyun suka tafi kotu, a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce neman izini kafin taro ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Amma ka ga abin duniya, gwamnatin Buharin ce dai ta rufe Twitter a watan Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ba ta kan doka. Ba don in ci zarafin kowa na kawo wannan ba, so nake ka lura ɗan siyasa yana adawa ya haddace sashe na 39 kamar Fatiha, ya hau kujera sai ya koma sashe na 45, wanda shi ne ya ba da damar taƙaita wasu 'yancin saboda tsaro da zaman lafiya da kare haƙƙin wasu.

Kar kuma ka ɗauka na ce zagi halal ne, a'a. Ɓata suna laifi ne, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da ake yawan kama mutane da ita. Sai dai alƙali ke yanke hukunci ba honarabul ba, kuma sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, ba a ajiye yaro sati uku a sel ana jiran ran mai gida ya huce ba.

Na biyun rabin gaskiya ya faɗa. Ilimi kyauta yana sashe na 18, amma wannan Babi na 2 ne, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta wa gwamnati abin da ke cikinsa, shi kansa sashen cewa ya yi a yi idan hali ya samu. Abin da zai iya riƙewa shi ne dokar UBE ta 2004 da ta wajabta karatu kyauta daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. In jami'a yake nufi to romon baka ne kawai.

In sun sake zuwa, kafin a fara rabon taliya da atamfa, ka ɗaga hannu ka tambayi na farkon, ran da 'yan sanda suka kama yaron da ya zage shi zai je ya yi belinsa ko shi zai ba da lambar wayar yaron? Na biyun kuma ka ce ya faɗa maka wane ƙuduri zai gabatar a kan Babi na 2, da sunan sashen.