Hana binne fukafukan injin iska kaɗai bai isa ba

Ka tambaya ko dokar da ake neman kafawa a Turai ta hana binne tsofaffin fukafukan injin lantarki na iska za ta wadatar. A'a, ita kaɗai ba ta isa ba. Jamus da Holan sun riga sun hana, amma fiffiken zaren gilashi ne da aka daskarar da ƙaro, ba ya narkewa. Galibi niƙa shi ake yi a zuba a tanderun siminti.

Dole dokar ta tilasta wa kamfanin da ya ƙera fiffiken miƙa takardun ƙirarsa, don a iya sake amfani da shi. In babu su, injiniya ba zai amince a yi gada da shi ba, irin wadda aka yi a Cork, ƙasar Ireland, a 2022, sai an yanka wani fiffiken an gwada ƙarfinsa, kuma nan kuɗin ke tafiya.