Amsa ga ƙanenmu mai karatun gini: ya shiga ƙungiyar ɗalibai ko ya bari?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina yi wa iyayenmu da ke cikin wannan zauren barka da yamma. Na ji muryar da ƙanenmu ya ajiye, wanda ke karatun harkar gini a ABU Zariya, yana tambaya ko ya biya kuɗin ƙungiyar ɗaliban sashensu, ko ɓata lokaci ne. To ƙanena, saurara.

Ka biya, kuma ka riƙa zuwa. Yaron da ya taso a Nasarawa cikin Kano, babansa na da abokai 'yan kwangila, waya ɗaya za a buga a samo masa wurin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke zuwa lokacin karatu. Mai uwa a gindin murhu ke nan. Kai daga ƙauyen Ringim ka fito, kuma duk danginmu manoma ne da masu kiwo. Wa zai buga maka wayar? Ƙungiyar nan, NAOBS, ita ce ƙofar da kake da ita zuwa wurin manya.

Ka gane yadda abin yake. Uwar ƙungiyar magina ita ce NIOB. Hukumar da ke ba da rajista kuma CORBON ce, wadda dokar soja mai lamba 45 ta 1989 ta kafa. Digiri kaɗai ba ya mai da kai magini mai rajista, sai ka yi aiki an gani, ka zauna jarrabawa. Su waye za su ga aikin naka? Mutanen nan dai da ɗalibai ke gayyatowa lakca, kuna zaune a baya kuna danna waya.

Amma kada ka shiga don neman shugabanci. Rigimar zaɓe da buga fosta, bar wa masu kuɗinta. Ka nemi aikin da kowa ke gudu: kai takardar gayyata ofis-ofis, shirya motar ziyarar saiti, wato wurin da ake aikin gini. Wanda ya kai takarda sau uku, sakatare ya san fuskarsa, oga ya san sunansa. Ranar da kuka je saiti, kada ka tsaya ɗaukar hoto da hular kwano. Ka tambayi mai kula da aikin me ya sa aka ɗaura rodi haka, kwana nawa ake shayar da kankare ruwa, bulo nawa suke fitarwa a buhun siminti ɗaya. Ka gaisa da birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi, ka karɓi lambarsu. Wallahi sau da yawa su ke fara jin inda za a buɗe sabon aiki, tun kafin injiniya ya ji.

Akwai kuma 13 ga Maris, Ranar Magina. An ware ta ne saboda benen da ya rufta a Ita-Faaji a Legas a 2019, da makaranta a ciki, yara suka rasu. A ranar, magina kan fito wayar da kan jama'a. Ka je, ko kujeru ne ka jera.

Kada ka tsaya kan 'yan sashenku kawai. Masu karatun zanen gini da masu ƙiyasin kuɗin aiki, gobe tare za ku zauna a kan aiki ɗaya, kuma galibi mai zane ake fara nema kafin a nemi magini.

Abu ɗaya da ba na so: ka karɓi lambar babban mutum yau, gobe ka tura masa “Oga a taimaka”. A'a. Ka gaishe shi da Sallah, ka tura masa tambaya a kan aiki. Wata shida na SIWES ɗin nan, tun kana aji uku za ka fara nema masa wuri.

Batun kuɗin kuma, in shi ne ya tsaya maka, ka yi mini magana ta gefe bayan Isha'i. In ka zo hutu, za ka bi ni Dutse ka ga yadda ake zuba kankaren bene. Ka gaida Inna.