Ba laftof ɗinka ne ya kori Duniya daga Rana ba

Ƙanena na Jos, saƙonka ya iso. Kana son zuwa Turai digiri na biyu kan ilimin sararin samaniya, ka rubuta manhajar kewayen duniyoyi da Python, Duniya na ta nesanta da Rana, wai in turo maka laftof mai ƙarfi. Ba zan turo ba, don ko wace na'ura ka ba wannan lissafin haka za ta yi.

Hanyar Euler ka bi, wato hanya mafi sauƙi ta lissafa motsi taki-taki, kowane taki ɗan gajeren lokaci. Kowane taki tana ƙara wa Duniya ɗan kuzarin da ba ta da shi, zagayen ya yi ta buɗewa. Koma hanyar leapfrog: gyara gudu na rabin taki, matsar da wuri taki guda, sake lissafa jan nauyi, sannan gyara gudu na sauran rabin. Kuskuren kuzari zai riƙa hawa da sauka a wuri ɗaya. RK4, wata hanyar lissafin ta daban, ta fi Euler nesa ba kusa ba, amma a dubban shekaru ita ma tana zamewa.

Tsawon taki kuwa, wanda ya fi kowa saurin kammala zagaye ne ke yanke shi. Makyuri kwana 88 yake zagaye, Io watan Jufita kusan awa 42, Fobos watan Mars bai cika awa 8 ba. Ka sa takin kwana ɗaya, ka yi sallama da Fobos.

Wani abin da ke ba ni haushi: lambobin farawa daga Wikipedia. Je JPL Horizons, shafin bayanan duniyoyi na hukumar NASA, ka ɗauki wuri da gudun kowace duniya a lokaci guda, daga cibiyar nauyin tsarin Rana. Ɗauki GM a haɗe, wato lambar jan nauyi G sau nauyin duniyar M, domin an auna shi daidai fiye da yadda aka auna G shi kaɗai. Lura da agogo: TDB, agogon lissafin sararin samaniya, ya wuce UTC, agogon da ƙasashe ke bi, da kusan daƙiƙa 69, Duniya kuma na cin kilomita 30 a daƙiƙa, ka ga kilomita 2,000 sun tafi tun ba ka fara ba. Kuma wajen ajiye lambobi a manhajar, yi amfani da tsarin float64, ba float32 ba. A tazarar kilomita miliyan 150, float32 ba ya bambance abin da bai kai kilomita 16 ba.

Farfesoshin da za ka nemi karatu wurinsu, kyan hoto mai juyawa bai dame su ba. Jadawalin kuskuren kuzari za su nema, da tazararka da Horizons bayan shekara 100. Gwada sakamakonka da na REBOUND, manhajar irin wannan lissafi, kyauta ce, ka ɗora komai a GitHub, shafin ajiye manhajoji, ka turo min. Kafin nan kada ka ba wani ejan neman gurbin karatu ko sisi.