Kuɗin Rumawa: zubi ne ko bugu?

Kai yaro, ka tambaye ni ko kuɗin tagullar Rumawa da ka gani a waya zubi ne ko bugu. Duka biyun sun yi. Na farkonsu, wanda suke kira as, zuba shi aka yi tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, nauyinsa wajen giram 300. Gefe ɗaya gunkinsu Janus mai fuska biyu, ɗaya gefen goshin jirgin ruwa. Ƙananan kuma da ɗigo ake gane darajarsu: huɗu, uku, biyu, ɗaya. Daga baya suka koma bugu da hatimi da guduma. Yadda ake narka tagulla kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya bar maƙera.

Wani dillali ne ya sa na san kuɗin nan. Ya kawo mini babban kuɗinsu na bugu da ake kira sestertius, na sarki Nero, mai hoton tashar jiragen Ostia da ke kusa da birnin Rum, jiragen ruwa cike da bayansa, ga harufan S da C, wato da izinin majalisar dattawa. Ya ce in zuba masa irinsa, tsaraba ce ta baƙi masu yawon buɗe ido. Na kwana ina gyaran kaki don igiyoyin jiragen nan su fito. Gawayina, tagullata, idona. Ya ba ni kafin alƙalami, ya kwashe kaya, ya ce sai Juma'a. Ashe binne su ya yi a ƙasa mai gishiri har suka yi kore, ya sayar da su a matsayin na asali. Da asiri ya tonu, sunana aka fara kira, shi kuwa ko ƙurarsa. Cikon kuɗina har yau yana wuyansa, kuma ban yafe ba.

Wanda ya kama shi bakin kuɗin kawai ya duba. Zubi yana barin layin haɗi a gefe, da ƙananan ramukan iska, harufa kuma su kwanta. Na bugu harafinsa a tsaye yake, da kaifi. Ku 'yan yanzu hoto kuke kallo ku ce kun sani, ba ku ɗora abu a sikeli. Sestertius na gaske na zamanin Nero yana kai giram 25 ko fiye. Kuma in an kawo maka tsoho, kada ka kuskura ka goge korensa da lemon tsami, darajarsa ke nan kake wankewa. Tashi ka hura wuta.