Gyara, kwaskwarima ko garambawul? Kalmomin masu jiran sabuwar babbar manhaja

Da zarar an ce sabuwar sigar babbar manhajar kwamfuta na tafe, sai masu aiki da ita su shiga jero abin da suke so a canja: a rage mata nauyi, ta daina kashe kanta tana kunnawa ana tsakiyar aiki, a dawo da abubuwan da aka cire, a bar tsofaffin na'urori su ma su ɗauka. Tambayoyin da masu karatu suka aiko wannan karon a kan kalmomin Hausa duk daga wannan hira suka fito, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Malam, me ya haɗa manhajar makaranta da kwamfuta, kuma me ya sa ake ce wa wata "babba"?

Manhaja aro ce daga Larabci, inda take nufin hanya bayyananniya ko tsarin da ake bi. A makaranta ta fara zama a bakinmu, wato jerin abin da za a koyar daki-daki, daga baya aka ara wa kwamfuta, tunda abin da ke tafiyar da na'urar ma umarni ne a jere. Babbar manhaja ita ce irin su Windows, macOS da Ubuntu. Girman nata na muƙami ne, kamar na babban alƙali: ita ke raba wa sauran manhajoji lokaci da gurbin ma'adana, ita ke magana da firinta da allo da madannai a madadinsu. Wasu na cewa "tsarin aiki". Ba laifi ba ne, sai dai mai sauraro zai iya ɗauka tsarin aikin ofis ake nufi.

Tambaya: Ina rubuta abubuwan da nake so a siga mai zuwa. Fata zan kira su, ko buri, ko buƙata?

Malama, ya danganta da wanda abin yake hannunsa. Fata shi ne son abin da ba ke ce za ki aiwatar ba, kina dai jira. (A lura da karin sauti: fatan da ake yi duka gaɓoɓinsa a sama suke, fatar jiki kuwa gaɓarta ta ƙarshe sauka take yi.) Buri, wasu su ce guri, na mai niyyar tashi ya nema ne, kuma yana ɗauke da ƙamshin abu mai nisa, shi ya sa ake cewa dogon buri. Buƙata ita ce abin da in babu shi aiki ya tsaya. Muradi, wadda ita ma daga Larabci take, ta fi zama a rubutun hukuma.

Ga misali. Windows 11 da ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021 ta gindaya sharuɗɗa: RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi) gigabait 4, ma'adana gigabait 64, da wani guntun tsaro na cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0. An kuma daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Mai kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba, in ya ce "ina fatan siga ta gaba ta sassauta", ya yi daidai, don hukuncin na kamfani ne. In ya ce "burina in sayi wadda za ta ɗauka", nan ma daidai. Amma ci gaba da samun facin tsaro, wato ƙananan gyare-gyaren da kamfani ke aikowa don toshe kafar masu kutse, ba fata ba ne a wurinsa, buƙata ce. Kafin ma a kai ga fatan, a duba: a buga tpm.msc a akwatin nema. Kwamfutoci da yawa suna da guntun, a kashe kawai yake cikin saitin BIOS (saitin tushe da ake shiga lokacin kunna kwamfuta), ƙarƙashin sunan PTT a na'urorin Intel ko fTPM a na AMD.

Tambaya: Ina jin ana cewa gyara, kwaskwarima, garambawul, sabuntawa, ingantawa. Ba duk abu ɗaya ba ne?

Ko kusa, Malam, kuma a nan ne mai saye da mai sayarwa suka fi saɓa wa juna.

Gyara sai da ɓaraka. Abu yana nan, ya karkace ko ya lalace, a mai da shi daidai. Akwatin nema da ke kasa gano fayil ɗin da ke zaune cikin folda, batir da ke zuƙewa alhali an rufe murfin kwamfuta, firinta da ke ɓacewa bayan kowace sabuntawa: duk waɗannan gyara suke nema. Misalin da aka fi kawowa shi ne Snow Leopard, sigar babbar manhajar kamfanin Apple ta 2009, wanda aka tallata da cewa ba don sabbin abubuwa aka yi shi ba. Aikin da aka sa gaba shi ne rage nauyi da ƙara sauri, har mai ɗora shi yakan samu rarar gigabait da dama a ma'adanarsa.

Kwaskwarima ado ce, taɓa fuska ba tare da an shiga ciki ba. Lanƙwasa kusurwar tagogi, sauya launi, sabbin gumaka, mai da maɓallin Start tsakiyar sandar ƙasan allo kamar yadda Windows 11 ta yi. Kalmar ba zagi ba ce a asalinta, amma in Bahaushe ya ce "kwaskwarima kawai aka yi", to ƙorafi yake, yana nufin ciwon na nan. Akwai shaidar wannan a kusa: danna dama a kan fayil a Windows 11, za ka ga gajeren jeri mai kyan gani, a ƙasansa kuma akwai layin da in ka danna shi tsohon dogon jerin zai fito yadda yake tun da. Haka kuma Settings da tsohon Control Panel suka yi shekaru suna zaune gida ɗaya tun daga Windows 8 a 2012, wani saitin a nan, wani a can.

Garambawul ta bakin makanikai ta shigo daga Turanci: a sauke inji, a warware shi, a canja abin da ya ci, a mayar. Daga nan 'yan jarida suka kai ta majalisar ministoci. A babbar manhaja, garambawul shi ne a taɓa tushe. Apple ya yi haka a 2001 da ya bar Mac OS 9 ya koma Mac OS X. Windows Vista a 2007 ta canja yadda direbobin allo ke aiki (direba ƙaramar manhaja ce da ke haɗa na'ura da babbar manhaja), kuma mutane da yawa sun sha wahala da na'urorin da masu ƙera su ba su fitar musu da sabbin direbobi da wuri ba. A 2019 macOS Catalina ta daina karɓar manhajoji masu tsohon gini na bit 32 gaba ɗaya. To duk mai cewa "a yi mata garambawul" ya san abin da yake roƙo: wata tsohuwar manhajarsa ko tsohuwar sikanarsa na iya zama a waje.

Sabunta da inganta kuwa gininsu iri ɗaya ne, sabo ya ba da sabunta, inganci ya ba da inganta, kamar yadda kyau ya ba da kyautata. Amma sabuntawa labarin lokaci take bayarwa, ingantawa labarin daraja. Ana iya sabunta abu ya fi na da muni. Don haka a ce "na sabunta manhajata" in an sauke sabon faci, a ajiye "an inganta ta" sai an gani a aiki.

In aka tace jerin da mutane ke rubutawa, a ganina mafi yawansa gyara ne. Abin da ake nunawa ranar ƙaddamarwa kuwa yawanci kwaskwarima ce, don ita ke fitowa a hoto.

Tambaya: Wani ya ce mini "sabo turken wawa" don na ce ina ɗokin sabuwar siga. Yana nufin sabon abu ke kama wawa?

A'a, ya ɗauki karin maganar a baibai, kuma rubutun boko ne ya ruɗe shi, tunda ba ma sa alamar karin sauti. Kalmomi uku ne masu kama da juna. Akwai sabo kishiyar tsoho, gaɓoɓinsa biyu a sama. Akwai sabo na sabawa, wanda ke farawa ƙasa ya hau. Sai saɓo mai ɓ, na saɓa wa Allah. Na biyun ne ke cikin karin maganar. Turke shi ne gungumen da ake kafawa a ɗaure dabba. Ma'anar ita ce abin da mutum ya saba da shi yakan riƙe shi wuri ɗaya ko da babu igiya, ko da zaman ba ya amfanarsa. Kenan mai ƙin barin tsohuwar siga ake yi wa ita, ba mai ɗokin sabuwa ba.

Sai dai ina jan kunne, kada a riƙa jifan kowa da ita. Windows 8 ta cire maɓallin Start a 2012, aka yi ca, Windows 8.1 ta dawo da maɓallin a 2013, Windows 10 ta dawo da jerinsa a 2015. Windows 11 a fitowarta ta farko ta hana jan fayil a sauke shi kan manhajar da ke sandar ƙasan allo, ta kuma hana mai da sandar sama ko gefe. Jan fayil ɗin an dawo da shi a 2022. Waɗanda suka yi ƙorafi ba wawaye ba ne. Akawun da ke jan takarda zuwa manhajar wasiƙa sau da yawa a yini, in aka mai da motsi ɗaya ya zama uku, lokacinsa aka ci. Hannun da ya ƙware ba turke ba ne, jari ne. Inda karin maganar ta dace shi ne mutumin da ya zauna kan sigar da aka daina yi wa facin tsaro, yana shiga asusun bankinsa da ita, hujjarsa kawai da ita ya saba.

Shi kuwa mai yi maka tsiya, in sabon abu yake son zolaya, akwai tasa: "sabon salo, kiran salla da usur". Ana faɗinta ga canjin da aka kawo inda ba a nema ba.

Tambaya: Wace karin magana ta dace da sabuntawar da ta zo gyara ta ɓata?

"Garin neman gira a rasa ido." Gira ado ce a kan ido, idon shi ne mai aikin, to an yi asarar babba wajen neman ƙarami. 'Yar'uwarta ita ce "garin neman ƙiba an samo rama". Akwai kuma "gyaran gangar Auzinawa", gyaran da ya bar abu ya fi da lalacewa, amma tunda tana ambaton wata al'umma, na fi son a bar ta a raha tsakanin abokan wasa. In kuwa an canja siga matsalar ba ta tafi ba, sai a ce "tsugune ba ta ƙare ba, an sai da kare an sayi biri". Wasu na juya ta, biri a gaba kare a baya, kuma ba ta ɓaci ba, don dukansu tsugune suke yi.

Rasa idon ya taɓa faruwa. Sabuntawar Windows 10 ta Oktoba 2018 ta goge wa wasu mutane fayiloli, har Microsoft ya dakatar da ita bayan 'yan kwanaki, ya sake fitar da ita a Nuwamba. Abin ya shafi waɗanda suka sauya wa foldoji irin su Documents mazauni amma suka bar wasu fayiloli a tsohon wurin. Manhajar ta ɗauki tsohon wurin a matsayin fanko ta share.

Don haka kafin a hau sabuwar siga, a kwafe fayiloli zuwa wata ma'adana ta waje, a buɗe biyu ko uku daga can a tabbatar sun kwafu, sannan a cire ta daga jikin kwamfutar. A shiga shafin masu ƙera firinta da sikana a ga ko sun fitar da direban sabuwar sigar. Ba dole ba ne a hau ranar farko, Windows 11 na barin a ɗage sabuntawa har mako 5. Bayan an hau, akwai kwana 10 na komawa baya ta Settings, sashen System, sannan Recovery. Wannan damar ta dogara ne da foldar Windows.old, kuma nan mutane ke yin kuskure: su ga ta cinye gigabait masu yawa, su goge ta don samun wuri, hanyar komawa ta toshe.

Tambaya: In na aika wa kamfani ƙorafi, ba butulci ba ne, tunda kyauta aka ba ni sabuntawar?

"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Mutum ne ɗauke da kaya sun karkace, wani ya ce masa gyara. Bai nemi kaso ba, faɗuwar kayan yake guje masa. Ƙorafi mai hujja haka yake, kuma masu manhajar da kansu suka buɗe ƙofarsa: a Windows, danna maɓallin Windows tare da F zai buɗe Feedback Hub.

Yadda aka rubuta shi ke sa a saurara. "Ku gyara nema, ba ya aiki" tsaki ne kawai. A fara da lambar siga, wadda ake samu in an buga winver. A faɗi abin da aka yi mataki-mataki, abin da aka sa ran gani, da abin da ya fito, a haɗa da hoton allo. Matsala ɗaya a saƙo ɗaya. A fara dubawa ko wani ya riga ya kai irin ƙorafin, in akwai a ƙara masa ƙuri'a maimakon buɗe sabo, don ƙuri'un da suka taru wuri guda sun fi saurin kaiwa gaban injiniyoyi. A kuma zaɓi rukunin da ya dace tun a farko, don manhajar na tambaya ko matsala ce ko shawara: abin da ya lalace ya tafi rukunin matsala, fatan sabon abu ya tafi na shawara.